Wa Ke Jinyar Mai Jinya?

A wurin yawancinmu, haɗarin tiyata yana cikin ɗakin tiyata ne. Shi ya sa da zarar an turo yaro a kan gado, likita ya leƙo ya ce an yi aiki lafiya, sai wayoyi su hau ruri. A kira Machina, a kira Yusufari, a sanar da kawun da ke Kano. Maza su yi hamdala, su karkaɗe riguna, wasu su nufi tasha tun rana ba ta faɗi ba. Wadda ake bari a gefen gado da tabarma da fulas da buta ita ce uwa, ko kaka, ko goggo. Alhali a lokacin ne ma aka shiga wuri mai wuya.

A 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, kan manya fiye da 11,000 da aka yi wa aiki. Cikin mutum 239 da suka rasu, 225 ba a ranar aikin suka rasu ba, sai a kwanakin da suka biyo baya. A 2024 aka buga irinsa kan yara 8,625 a ƙasashe 31: kashi 18 cikin ɗari sun samu matsala bayan aiki, kashi 2.3 suka rasu. Fiye da 97 cikin 100 ke nan sun fita da ransu, kuma ya kamata a riƙa faɗa wa iyaye wannan. Amma inda masu binciken suka fi nuna yatsa shi ne ɗakin kwanciya: jiki ya fara rikicewa, ma'aikata ba su da yawa, ba a ankara ba sai da lokaci ya ƙure. To idon wa ke kan yaro dare da rana a irin ɗakunanmu? Na matar nan da ke zaune a tabarma, wadda tsoro ya hana ta runtsawa. Ra'ayina shi ne wannan tsoro nata ba rauni ba ne da za a yi ta dannewa da "ki yi haƙuri". Abin aiki ne, in da za a gaya mata abin da za ta duba, a kuma saurare ta in ta yi magana.

A arewacin Yobe, yaron da ke bukatar fiɗa yakan biyo ɗaya daga hanyoyi biyu: Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, ko asibitin jiha na ƙwararru da ke Gashua. Ana zuwa daga Karasuwa da Jakusko da Bursari, ana tsallakowa daga Birniwa da Guri na Jigawa. Abin da ya fi ƙarfin nan sai a tura Damaturu, ko Maiduguri, ko asibitin Malam Aminu Kano. Iyayen da ke isowa kuwa iri biyu ne. Akwai wadda aka ba ta rana: ɗanta na da gwaiwa ko tsagaggen leɓe, ta shirya, ta yi sallama da gida, aikin bai kai awa biyu ba. Akwai kuma wadda aka kwaso cikin dare da yaro ciki a kumbure, bayan mako biyu ana fama da zazzaɓi tsakanin mai kemis da mai sassaƙe, sai aka ce taifot ne ya huda hanji. Ta farko tana iya komawa gida gobe ko jibi. Ta biyu za ta yi makonni, kuma ta shigo ne da nauyin da ba ta faɗa wa kowa: da na kawo shi da wuri.

Gigicewar farko tana zuwa ne wajen farfaɗowa. Wasu yara, musamman 'yan shekara biyu zuwa biyar, suna tashi daga allurar barci da ihu da shure-shure, ido a buɗe amma ba su gane kowa, har uwar ma su ture ta. In ketamin aka yi amfani da shi, wanda ake yawan yi a asibitocinmu, ido na iya rawa, yawu na dalala. Matar da ba a faɗa wa komai ba abu biyu ke faɗo mata: ko iska ta shafe shi, ko allurar ta taɓa ƙwaƙwalwa. Likitocin sa barci sun san wannan hali sarai, kuma yawanci ba ya wuce minti goma sha biyar zuwa rabin awa. Bayanin minti ɗaya kafin a shiga da yaro ya isa ya ɗauke mata wannan tashin hankali.

Abin da ya fi wannan ci wa uwa rai shi ne hana ruwa. Bayan aikin hanji, hanji yakan tsaya cak na wani lokaci, ga kuma ɗinki a jikinsa. Sai a zura roba ta hanci har ciki tana zuƙo koren ruwa, a rataya ƙarin ruwa, a ce kada a ba shi komai ta baki. A watan Afrilu, lokacin da zafin Nguru ke haura digiri 40, yaro ɗan shekara huɗu yana kallon uwarsa da busasshen leɓe yana cewa "Inna, ruwa", ita kuma aikinta ta ce a'a. Duk rayuwarta an san ta ne da bayarwa. Mai shayarwa kuma nono ya cika yana mata zogi, jariri na lalube, ba dama. Kada a yi mamaki in an samu wadda ta faki ido ta ɗiga masa ruwa da cokali, ko kaka ta kwance rubutun da malam ya aiko ta ɗura masa. Ba taurin kai ba ne kawai. An ba ta doka ba a ba ta dalili ba. Da an ce mata, "Ruwan da ke shiga ta hannu shi ne shansa, wanda za ki ba shi ta baki zai taru a ciki, ya yi amai, aman na iya faɗawa huhu," da ta riƙe. Da an nuna mata yadda za ta jiƙa auduga ta shafa masa a leɓe, da hannunta ya samu abin yi. Mai shayarwa ta riƙa tatsewa don kada nono ya ƙafe. Tofi da addu'a ba mai hanawa, a yi iya yi. Rubutun sha ne zai jira ranar da likita ya buɗe baki.

Daga nan sai jiran tusa. Abin da a gida ake harara saboda shi, a nan shi ne tambayar likita ta kowace safiya, domin alama ce hanji ya farka. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ɗakin tiyatar yara ya san yadda labarin ke zagaya gadaje, mata na yi wa juna barka suna rufe baki da mayafi. Ita ce dariyar farko da uwa ke yi tun da aka shigo. Ma'aikacin da ya san aikinsa yakan yi tambayar a fili ba kwana-kwana, don ya san akwai wadda kunya za ta hana ta ambata, ko da ta ji da kunnenta.

Kunyar nan tana da wani fage da ya fi wannan haɗari. An tarbiyyantar da mu cewa amsar "ya mai jiki?" ɗaya ce: da sauƙi. Ko jiki ya yi tsanani, da sauƙi. Tsakanin 'yan dubiya wannan ladabi ne mai kyau, godiya ce ga Allah, rufin asiri ne. A gaban likita mai zagaye da gadaje talatin a gabansa kuwa, amsa ce mai ɓatar da sawu. "Mama, ya jikin nasa?" "Da sauƙi, likita." Ya duba takarda, ya wuce. Ita kuwa ta ga numfashin ya ƙara sauri tun asuba, ta ga fitsarin da ke cikin leda bai motsa ba tun jiya, ta ga yaron da ya yini yana rigima yanzu ya yi lamo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a tambaye ta yoyo ba, gaishe ta aka yi. Tambayar da ke fito da gaskiya ita ce mai ƙidaya: sau nawa ya yi amai, wane launi, yaushe rabonsa da fitsari, yau ya fi jiya magana ko jiya ta fi. A ƙara da cewa a wannan yanki ba kowace uwa ce Hausa ta zauna wa a baki ba. Wata Badanci ne harshenta, wata Manganci, wata Fulatanci, sai ga likitoci a kanta suna Turanci a junansu, tana karanta fuskokinsu tana fassarawa da mafi muni.

In ɗan fari ne, abin ya ninka. Yarinya 'yar shekara goma sha tara, wadda al'ada ta hana ta kiran sunan ɗanta ko nuna ɗokinsa a gaban manya, tana zaune a ƙarshen gado, uwar miji ce ke amsa tambayoyi. Ma'aikata su ɗauka ba ta damu ba. Ita ce kuwa ba ta iya haɗiye loma. Ban ga laifin kara ba a inda take da muhalli, amma yaron da ya farka cikin baƙin wuri da robobi a jiki ba ruwansa da kara, jikin uwarsa yake nema. Dattijuwar da ta ce "ɗauke shi mana, nan asibiti ne" ta yi jinyar mutum biyu a lokaci guda.

Abin lura, abin da muke da shi a araha sai da wasu suka yi gwagwarmaya kafin su samu. A Ingila, har cikin shekarun 1950, asibitoci da yawa ba sa barin iyaye su ga ɗansu sai sau ɗaya a mako, wai zuwansu na tayar wa yara hankali. A 1952 James Robertson ya ɗauki fim na wata yarinya 'yar shekara biyu da ta yi kwana takwas a asibiti don aikin cibiya, aka ga yadda ta tashi daga kuka ta koma shiru, shirun da ma'aikata ke ɗauka sabo ne alhali yanke ƙauna ne. Rahoton kwamitin Platt na 1959 ne ya ba da shawarar a buɗe wa iyaye ƙofa. Mu ba ma korar uwa daga gefen gado. Sai dai mu faɗi gaskiya, ba don nazarin zuciyar yaro aka bar ta ba, don ba wanda zai yi aikinta ne: wanki, zubar da fo, riƙe hannu kada ya fizge allura, kiran nas in ruwa ya ƙare. An ɗauke ta aiki ba a koya mata ba. A asibitin Mbale na ƙasar Uganda an gwada koya wa 'yan jinya auna bugun zuciya da numfashi da iskar jini da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, kuma yawan awon da marasa lafiya ke samu ya ƙaru sosai. Ƙaramin gwaji ne, bai kai a ce ya rage mutuwa ba. Duk da haka ya nuna dangin da ke kwance a baranda za su iya fin ɗauko ruwan zafi.

Batun zafin ciwo ma haka. Har cikin shekarun 1980 akwai manyan asibitocin duniya da ke yi wa jarirai aiki da ɗan maganin da bai taka kara ya karya ba, bisa zaton ba sa jin zafi kamar manya, sai da binciken Dokta Anand na 1987 ya rushe zaton. Namu zaton shi ne "namiji ba ya kuka", ana faɗa wa yaron da aka tsaga wa ciki shekaranjiya. Ma'aunin da ma'aikatan jinya ke amfani da shi ga yaron da bai iya bayani ba abu biyar yake dubawa: fuska, ƙafafu, motsin jiki, kuka, da ko yana rarrasuwa. Ba wanda ya kai uwa iya karanta waɗannan. In ta ce yana jin zafi, to yana ji, kuma neman magani haƙƙinsa ne. Abin da ba nata ba shi ne aika a sayo daga waje. Maganin yaro da nauyinsa ake auna shi, kuma tramadol da kodin da asfirin ba na ƙananan yara ba ne.

Uban yana waje, gindin dalbejiya, kuma an fi mantawa da shi. Shi ya sa hannu a takardar yarda, don haka in abu ya ɓaci shi dangi za su tambaya wa ya ce a yanka. Shi ake miƙa wa takardar magani sau uku a yini. Shi zai nemo masu ba da jini cikin 'yan'uwa, wani ya ce bai da lafiya, wani ya kashe waya. A Nijeriya fiye da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Kwamitin Lancet kan tiyata ya ƙiyasta a 2015 cewa kowace shekara mutum miliyan 33 a duniya kuɗin aikin ke durƙusar da su, wasu miliyan 48 kuma kuɗin mota da abinci da zaman jinya. A nan ma'anar wannan ita ce akuya ta tafi kasuwa, buhun geron da aka ajiye don bazara ya bi ta, in da damina ne kuma gona na can ciyawa na ci. Tsoron namiji ba ya fitowa da hawaye, da faɗa yake fitowa: ya yi wa matar tsawa, ya yi cacar baki da mai karɓar kuɗi, ko ya ce a sallame su haka nan ya gaji. Sau da yawa "mun gaji" ɗin nan fassararsa aljihu ya ƙare. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko domin marasa ƙarfi, Yobe na da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, manyan asibitoci kuma na da sashen walwalar marasa lafiya. Kafin a ɗauke yaro da ɗanyen ɗinki, a je a tambaya, ko da abin da za a samu bai cike giɓin ba.

'Yan dubiya na kawo abinci da addu'a, wasu kuma da bincike. Me ya sa ba ku zo da wuri ba? Ai ɗan wane ma haka aka yi masa bai tashi ba. Wannan magana ba ta da amfanin komai, uwar ta riga ta yi wa kanta ita sau dubu. Akwai kuma masu hana kuka da sunan tawakkali. Ban san inda suka samo ba. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin ɗansa har idanunsa suka yi fari, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana daban, hawayen uwa daban. Wadda aka bari ta yi kukanta a bayan ɗaki ta fi dawowa da natsuwar lura da yaro a kan wadda ta haɗiye.

Ranar sallama kowa na murna, uwa kuwa gabanta na faɗuwa, don daga yau ba nas. Kuma yaron da ta koma da shi gida ba shi ne wanda ta sani ba. Ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, yana firgita cikin barci, ba ya yarda ta shiga ko banɗaki, in ya ga mai farar riga sai ihu. Wani bincike da Zeev Kain ya jagoranta a Jami'ar Yale ta Amurka a 1996 ya samu irin waɗannan sauye-sauye a kashi 54 na yara mako biyu bayan aiki, kashi 20 bayan wata shida, kusan kashi 7 bayan shekara. Abu ne da aka sani, kuma yana wucewa ga mafi yawa. A gida kuwa sai a ce asibiti ta sangarta shi, kishiya ta yi habaici, uba ya ɗauko bulala. Duka ba ya gyara wannan, tsawaita shi yake yi. Haka nan tsoratarwar da muka saba, "in ba ka yi shiru ba a kai ka a yi maka allura", ga yaron da zai koma cire zare mako mai zuwa.

Miki nama yake so ya haɗe, nama kuma abinci ke gina shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 na yaran Yobe 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato da yawa sun hau gadon aiki ba su da ajiya a jiki. Amma a wasu gidaje daidai lokacin ne ake hana ƙwai da kifi da gyaɗa, wai suna sa miki ruwa, a bar yaro da koko tsararo. A ƙasar da kogin Yobe ya ratsa, ga fadamun Haɗeja da Nguru, hana mai jinya kifi asara ce biyu. In likita bai hana ba, a ba shi kifi da wake da ƙwai da dafaffiyar madara. Mugunya ƙwayoyin cuta ke kawo ta, daga hannu marar wanki da tsumma da garin maganin da wata maƙwabciya ta barbaɗa.

Mafi nauyin kaya na wurin wadda aka fito wa ɗanta da hanji ta gefen ciki, bayan gida na fita ta nan kafin a mayar bayan watanni. Jakar da ake mannawa tsada gare ta, ba kuma ko'ina ake samu ba, sai tsumma da leda, fatar wurin na saɓulewa. Ga wari, ga idon mutane. Irin wannan uwa takan daina zuwa biki da suna, ta janye yaron daga makarantar allo, ta kulle kanta. Abin da ya fi yi mata amfani shi ne a haɗa ta da wata da ta riga ta bi hanyar, ta ga yaron da aka mayar wa hanji yana guje-guje. Wannan ba ya cin ko sisi, lambar waya ce kawai da izinin mai ita.

Ita kanta uwar, sai bayan yaro ya miƙe nata ke tasowa. Barci ya ƙaurace, ta riƙa tashi tana taɓa cikinsa, warin maganin wanke miki ya sa gabanta faɗuwa, ɗan zazzaɓi kaɗan ta rikice. Ga mafi yawa wannan na lafawa cikin makonni. In ya haura wata guda yana hana ta ci da aiki da kula da sauran yara, ya zama abin kai wa ma'aikacin lafiya, ba abin a ce mata ta cika raki ba.

Sai dai a bambanta wannan fargaba da alamun da ke bukatar komawa asibiti a ranar, ba gobe ba: zazzaɓi mai zafi, ciki ya sake kumbura, koren amai, miki ya buɗe ko yana zubar da ruwa mai wari, yaro ya ƙi shan komai, fitsari ya ɗauke, ko barcin da ba a iya tashinsa. Kafin a bar asibiti a nemi a faɗi waɗannan da harshen da uwar ke ji, a karɓi lambar da za a kira, a ware kuɗin mota a ƙulle a gefe. In kuma sallamar ta faɗo a watan Agusta ko Satumba, gida na bayan ruwa, a tuna yadda ambaliyar 2022 ta yi da hanyoyin Bade da Jakusko. Gara a ƙara mako guda a gidan ɗan'uwa cikin Gashua ko Nguru har a cire zare.